Kibiyoyin Baba

Asabar, da hantsi

Na karɓo babi na tara. Baba ya zuba takardun a tsohuwar jakarsa ta leda mai maɓalli, ya miƙo min da hannu biyu kamar jariri, ya ce, "Auta, ki kula min da kibiyoyina. Kada ki bari su yi ƙiba."

Kullum haka yake faɗa, kullum kuma sai na yi dariya.

Tunda ya bar koyarwa, littafin nan ne aikinsa. Littafin kemistiri ne na 'yan shekarar farko a jami'a. Shi yana zana komai da biro a teburin falo, ni kuma ina sake zanawa a manhajar kwamfuta, don editan kamfanin ɗab'i ba ya karɓar zanen hannu. Ni ce na gaje shi a gidan. Yaya ya gudu daga kemistiri tun yana sakandare, ya kama harkar famfo da bututun ruwa. Ni kuwa na ƙare a ɗakin gwajin wani kamfanin magani.

Zanen sinadaran kansu ba wuya. Ka danna, zobe mai kusurwa shida ya fito. Ka danna, kabon ya sami hannu. Lanƙwasassun kibiyoyin nan ne ke cin rai. Kowace tana da ɗigo uku da ake kamawa da maus ɗin kwamfuta: gindi, ciki, da kai. Ka ja cikin da yawa, ta kumbura kamar mariƙin kofi. Ka rage, ta kwanta a kan haruffa. Ka daidaita kan, gindin ya goce. Ga edita yana so duk kaurinsu ɗaya, girman kawunansu ɗaya, daga shafin farko har na ƙarshe.

Aikin kibiya ɗaya ne: ta nuna inda ilektiron suka tashi da inda suka sauka. Daga wurin da suke da yawa take farawa, ta ƙare a wurin da ake buƙatarsu. Shi ne darasin farko da Baba ya koya min, a bayan wata tsohuwar kalanda, ina 'yar sakandare.

Shi ya sa na yi dariya da na zo shafi na huɗu na ga wata ta juya baya. Na juyo da ita, na gyara cikinta, na wuce. Gobe zan tsokane shi.

Lahadi, da yamma

Ban tsokane shi ba. Na sami wasu uku.

A shafi na bakwai kuma akwai kabon mai hannu biyar. Kabon hannu huɗu gare shi, ba ya wucewa. Manhajar ma ta sani, don ina gama zana shi yadda Baba ya zana, ta kewaye shi da jan akwati. Lokacin da Baba yake koyarwa, duk ɗalibin da ya yi wannan kuskuren sai ya rubuta masa a gefen takarda da jan biro: "Kabon ɗinka ya tsiro hannu na biyar, a kai shi asibiti." Har yau tsofaffin ɗalibansa in sun haɗu da shi a hanya, da wannan suke gaishe shi.

Na cire hannun. Jan akwatin ya ɓace. Na daɗe ina kallon wurin.

Gajiya ce. Ya ce min kwanan nan barci ba ya isarsa.

Talata, lokacin hutun rana

Ina wurin aiki. Na ɗauko takardun babi na biyu, wanda ya zana bara, na ajiye kusa da na tara. Rubutun hannunsa bai canza ba, ba ya rawa, bai karkace ba. Har yanzu kibiyoyinsa sun fi nawa kyau. Da ja ɗaya yake yin abin da nake ɓata rabin yini a kai. Sai dai na baran duk sun san inda za su.

Manhaja tana kama kabon mai hannu biyar. Kibiyar da ta juya baya kuwa ba ta kama ta. Duk inda ka ajiye ta nan za ta zauna, da kyanta. Edita ma ba zai kama ba, shi harshe ya karanta. Ni kaɗai ce ke gani.

Oga ta leƙo ta ce, "Wannan kuma wane magani ne?" Na ce littafin babana ne. Ta ce, "Kai, madalla, a shekarunsa! Nawa uban rimot ɗin talabijin ma sai an nemo masa, yana zaune a kai." Na yi mata murmushi.

Alhamis, bayan magariba

Yaya ya kira. Ya ce Baba ya sake goge gefen mota a ƙofar gida. Kuma wani abokinsa ya gan shi ranar Litinin ya tsaya a gaban gidan mai, injin a kunne, yana ta duban titi kamar baƙo. Da ya gaishe shi, sai Baba ya ce wai hutawa yake.

"Ina so a karɓe makullin," in ji Yaya. "Duk lokacin da suke son fita zan turo direban wurin aikinmu, ko in zo da kaina. Mu haɗu a gida ranar Lahadi. Ki goya min baya, Auta, ke yake jin maganarki."

Na ce masa sai na yi tunani.

Takardun babi na tara suna kan cinyata muna maganar.

Lahadi, da yamma

An yi zaman.

Yaya ya fara da ladabi. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba, ya yi ta kewaye-kewaye, cunkoson titi ne, 'yan babur marasa hankali ne. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Wato ka ga na tsufa, kaina ya taɓu."

Yaya ya ce ba haka yake nufi ba.

Baba ya ce, "To me kake nufi?"

Bai ɗaga murya ba. Amma hannunsa yana ta shafa aljihun da makullin yake ciki. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai yau, tsoro haɗe da kunya. Mama tana ninke wanki a kan doguwar kujera, ba ta ɗago ba.

Sai Baba ya dube ni.

Ban shirya ba. Wallahi ban shirya ba. Na dai zo da babin a jaka don in ba shi ya gani, kamar yadda na saba. Na fito da shi, sabon bugu, fari tas, na ajiye a gaban Yaya. Na ce, "Yaya, duba nan. Mutumin da ya rubuta wannan a watan nan ne kake cewa ba zai iya kai Mama asibiti ya dawo da ita ba? Kai karanta mana layi ɗaya mu ji."

Har da dariya na yi.

Yaya ya juya shafi biyu, ya ajiye. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Baba ya ce ba komai, ya ce a kawo shayi. Da zan tafi ya rako ni har bakin ƙofa, abin da ba ya yi. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta."

Na ce amin.

Litinin, da safe

Har yanzu amin ɗin na bakina.

Laraba, bayan la'asar

Babi na goma. Na daina ƙirga kurakuran.

Akwai kibiya mai cikakken kai, ta ilektiron biyu, akwai mai rabin kai kamar ƙugiyar kamun kifi, ta ilektiron ɗaya. A babin nan duk ya cakuɗa su. Akwai shafin da na rasa ma ta inda zan fara. Sai da na sauko da tsohon littafina na aji na farko, wanda na kwafi darasin daga bakinsa, na sake gina zanen daga tushe. Abin da ya koya min da shi na gyara shi.

Wannan ba daidaita kibiya ba ne kuma. Na sani.

Amma sun yi kyau. Na haɗa kowace da sinadarinta yadda in an matsar da shi za ta bi shi, ba za a bar ta a baya tana nuna fili ba. Na jera su layi ɗaya. Na fi awa ina matsar da wata sama da ƙasa, taki ɗaya-ɗaya, alhali tun farko daidai take.

Asabar, da hantsi

Na yi wani abu da ban ji daɗinsa ba. Na gwada shi.

Na tafi gidan da kwamfutar. Na zana shafi ɗaya yadda ya zana shi, da kibiyar a juye, na ƙara mata girma har ta kusa cika fuskar kwamfutar. Na ce, "Baba, duba min wannan, ban gamsu da ita ba."

Ya sa tabarau. Ya matso da kujera. Ya daɗe yana kallo, ni kuma ina addu'a a zuci, Allah ya sa ya daka min tsawa, ya ce wane jahili ne ya yi wannan.

Ya ce, "Ƙara lanƙwasa ta kaɗan. Ta yi tsaye da yawa."

Na kama cikinta na ja.

Ya ce, "Yauwa. Kin ga yanzu ta yi kyau."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Talata, da yamma

Zan faɗa wa Mama. Ba Yaya ba, ba zan iya duban idonsa ba tukuna. Mama.

Laraba, bayan magariba

Na je. Baba yana falo, Mama tana kicin. Ban same ta ita kaɗai ba.

Ƙarya ne. Na tsaya kusa da ita tana yanka albasa, muka yi hirar tela. Gobe Baba zai kai ta a duba hawan jininta. Zan kira ta.

Alhamis

Muna asibiti.

Juma'a, da rana

Ƙashin cinyar Mama ya karye ta wajen ƙugu. Gobe za a yi mata aiki. Baba ɗinki huɗu a goshi, an sallame shi.

A babban shataletale ne, wanda yake bi tun kafin a haife ni. Ya shiga ta hannun da ba nasa ba, ya fuskanci motocin da ke tahowa. Motar kai burodi ce ta same su ta gefen Mama. Direban bai ji ciwo ba. Shi ya taimaka aka fito da ita, ya biyo su har nan, ya zauna a benci yana ta rantsuwa cewa ya taka birki. Yaya ne ya lallashe shi ya tafi gida.

Nas ta ba ni leda da kayan Mama a ciki. Tabarau, takalmi ƙafa ɗaya, da wayarta, fuskar ta tsage. Ban kunna ba. Na san abin da zan gani.

Ba zan rubuta batun wayar ba.

Asabar, da rana

An shiga da ita tun safe. Na zauna a barandar ɗakin tiyata da kwamfuta a cinya, ina babi na goma sha ɗaya. Wata mata da ke jiran mijinta ta yi ta kallona. Na san abin da take cewa a ranta, uwarta na ƙarƙashin wuƙa tana danne-danne. In na rufe kwamfutar sai in ji ƙarar nan. Shi ya sa ban rufe ba.

Yaya ya kawo min shayi da burodi. Ya ce, "Ci, Auta. Tun jiya ba ki sa komai a cikinki ba." Ya zauna kusa da ni. Bai ce uffan ba game da ranar Lahadin nan. Ko da ido bai ce ba.

Da ma zagina ya yi.

An fito da ita lafiya. Likita ya ce za ta taka, amma sai a hankali, kuma da sanda.

Litinin, da yamma

Na dawo gidan da zama don Baba. Ina kwana a tsohon ɗakina, tsakanin akwatunan Mama da keken ɗinkin da ba ya aiki.

Baba ya ce hukuma ce ta canza hannun shataletalen ba tare da sanarwa ba, kuma zai rubuta musu. Ya tambaye ni inda motar take. Na ce tana wurin makanike. Bayan mun ci abinci ya sake tambaya. Na sake faɗa.

Yana wanke hannu sai ya ce, "Mamanku ba ta dawo daga kasuwa ba?" Kafin in amsa ya tsaya cak, ruwa na zuba a hannunsa. Ya ce, "Af. Na sani. Na sani." Ya shige ɗaki.

Talata, lokacin hutun rana

Saƙon edita: babi na tara da na goma sun fi duk na baya tsafta, a gaida Malam, Allah ya ƙara basira.

Ban nuna wa Baba ba. Ban goge ba.

Alhamis, bayan la'asar

Mama ta fara zama. Ni da ita kaɗai a ɗakin, sai wata tsohuwa a gadon gefe tana barci. Ina ɓare mata lemo, ta ce, "Auta, me kika kira ki faɗa min ranar?"

Na ce batun tela ne.

Ta ce, "Batun tela kika fara. Ni na haife ki, na san muryarki in kina kewaye."

To, bari in rubuta. Ni ce a waya. Na kira, ta ɗauka, ta ce suna hanya. Da na ce to sai sun isa, da shi ke nan. Amma na ji tsoron in na ajiye ba zan sake samun ƙarfin kira ba, sai na riƙe ta da maganar wuyan riga da tsawon hannu, ina neman ta inda zan shiga. Tana cikin ce min shuɗin ya fi. Sai na ji ta ce, "Malam!" Sai ƙarar. Sai muryoyin mutanen da ban sani ba. Ban kashe wayar ba, ita ma ba ta mutu ba.

Na faɗa mata batun kibiyoyin. Duka, har da gwajin da na yi masa.

Ta ɗaga ido ta dubi silin. Sannan ta ce, "Tun bara ni nake tuƙa motar nan da baki. Malam, dama. Malam, hagu. Malam, tsaya, ja ce. Ina yi kamar hira nake, shi ma yana yi kamar bai lura ba. Ranar ina magana da ke, ban ce masa komai ba."

Na fara kuka, ta ce in yi shiru kada in tashi tsohuwar mutane.

Ta ce, "Ranar da yayanki ya zo, ina ninke kaya ina cewa Allah ya sa a karɓe makullin nan, ba da bakina ba. Sai ga ki da takardunki. Na ce to, tunda mai ilimin ta ce lafiyarsa lau, wataƙila ni ce nake ganin abin da babu."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta karɓi lemon ta ci.

Da zan tafi ta riƙe min hannu. "Kada ki faɗa masa batun littafin. Shi kaɗai ya rage masa."

Na ce to. Ni dai kowa ya ce min abu sai in ce to.

Asabar, da yamma

Makanike ya kira Baba, ya ce mota ta kusa. Baba ya ce ya hanzarta, shi zai ɗauko matarsa daga asibiti da kansa, ba direban kowa ba.

Yaya yana nan lokacin. Ya biyo ni kicin ya ce, "Ke me kika gani? Ni na kasa gane komai. Rannan na ce a karɓe makullin, kika nuna min ban san abin da nake yi ba. Ko rana ce ta kashe masa ido? Ke kika fi kusa da shi."

Na ce bari mu gani.

Lahadi

Bari mu gani. Me ya rage da ban gani ba?

Talata, da hantsi

Ban je aiki ba.

Jiya na bar takardun hannunsa na babi na goma a teburin falo, kusa da bugun da na yi. Ban yi da gangan ba. Ko na yi, ban sani ba.

Da safe na fito da shayi na same shi zaune a kansu da jan biro. Ya tashi garau, irin safiyar da yake kamar Baban da. Yana ta gyarawa yana tsaki. "Dubi nan! Kibiya daga wurin da babu ilektiron! Daga ina za ta ɗebo su, daga aljihun ubansa?" Yana kewayewa, yana ja wa layi. Na leƙa ta kafaɗarsa. Duk wadda ya kewaye, ita ce wadda na gyara. Ko ɗaya bai tsallake ba.

Ya ce, "Wannan ɗalibin ya faɗi, Auta. Hannu mai kyau, kai babu komai."

Ya juya shafi, ya ci karo da wani kabon mai hannu biyar. Ya yi dariya, ya fara rubuta maganarsa ta da a gefe. Ya kai rabi, biron ya tsaya. Ya dubi jan rubutun, ya dubi shuɗin da ke kusa da shi. Hannu ɗaya ne.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Rubutun wa ne wannan?"



Ya jawo bugun da na yi, ya ajiye su gefe da gefe. Ya bi su da yatsa, shafi bayan shafi. Shayin ya huce a hannuna.

"Tun yaushe?"

Na ce babi na tara.

"Wanda kika ajiye a gaban yayanki."

Na ce eh.

Ya rufe biron. Ya ce, "Da aikina kika yi wa ɗana ƙarya. Ni kuma na sa miki albarka."

Na durƙusa. Na ce, "Baba, na ga ka tsorata ne."

Ya ce, "Na tsorata. To sai me? Sau nawa na ga ɗalibi ya tsorata a gabana? Na taɓa ba wani makin da bai ci ba?" Can ya ce, "Ƙafar mamanku."

Bai ƙarasa ba. Ya ce in miƙo masa waya. Ya kira Yaya da kansa, ya ce ya je ya karɓi motar ya ajiye a gidansa, kuma ya nemo masa likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Yi yau. Gobe ban san wanda zai tashi daga gadon nan ba."

Laraba, da yamma

Yaya ya sani. Baba ya faɗa masa komai a gabana. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wa Baba sai da safe, ya wuce ta gefena kamar kujera.

Na bi shi waje. Yana buɗe mota ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Har dariya kika yi min, Auta."

Juma'a, da rana

Mama ta taka daga gado zuwa ƙofa da ƙarfen tafiya. Ta yi fushi da ni da na bar takardun a fili, ta ce ita kanta ba ta gama warkewa ba na ƙara mata. Bayan ɗan lokaci ta ce in gyara mata filo.

Baba bai tambayi littafin ba. Jakar ledar tana kan talabijin. Jiya ya manta da maganar gaba ɗaya, ya kira ni Autarsa, ya ce in zo in ga wani tsuntsu a kan katanga. Yau ya tuna, bai ci abincin da na dafa ba sai da Yaya ya zo. Ban san wanne ya fi min ciwo ba.

Ban buɗe manhajar ba tun Talata.

Litinin, bayan azahar

Mun je wurin likitan. Yaya ya tuƙa, Baba a gaba, ni a baya.

Mace ce, ba ta da hayaniya. Ta tambayi Baba aikinsa, ya faɗa mata da ƙarfinsa. Ta ce ita kemistiri ne ya kusa hana ta zama likita. Baba ya ce laifin malaminta ne. Suka yi dariya.

Ta faɗa masa kalmomi uku ya riƙe. Ta tambaye shi wata da shekara, ya faɗi watan, ya yi jinkiri a shekarar. Sannan ta miƙa masa farar takarda da fensir. Ta ce, "Malam, zana min agogo, ka sa lambobin duka, ka nuna min sha ɗaya da minti goma."

Baba ya yi murmushi, irin na wanda aka raina. Da ja ɗaya ya yi da'ira, cif, kamar da kwano aka zana. Ya fara lambobin. Ɗaya, biyu, uku, a wurarensu. Daga nan suka fara matsewa. Kafin ya kai ƙasan da'irar ya riga ya rubuta sha biyu, rabin agogon na hagu ba komai. Ya tsaya. Ya ja hannu ɗaya zuwa sha ɗaya. Ya riƙe fensirin a sama yana neman inda minti goma yake, ya ja zuwa lamba goma.

Ina zaune kusa da shi, gwiwata na taɓa tasa. Na ji yatsuna suna motsi. Na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu.

Bai miƙa wa likita ba. Ya juyo da takardar wajena.

"Auta. Daidai ne?"

Likita tana kallona. Yaya yana tsaye a jikin ƙofa, shi ma yana kallona, karo na farko tun ranar Laraba.

Na ce, "A'a, Baba. Ba daidai ba ne."

Ya sake duban agogon. Ya gyaɗa kai a hankali.

Ya ce, "To." Ya tura wa likita takardar. "Ga shi, likita. Rubuta abin da na ci."